Wata biyu da daren filin jirgi, yarona bai daina tambayata me ya sa ban zo ba

Maman Uku, Aeropor

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Muna zaune a unguwar Aeropor nan Yamai, gidan haya, ba nisa da kwaltar Doso. Ɗinki nake yi a gida. Maigidana direban babbar mota ne, daren da aka kai hari filin jirgin sama yana Birnin Ƙonni.

Daren Laraba ne, 28 ga Janairu 2026, wayewar Alhamis, ana tsananin sanyi. Sha biyu ta ɗan gota, ina kan keke ina ƙarasa ankon wani biki. Ƙarar farko na ɗauka taya ce ta fashe a kwalta, don mun saba. Ta biyun ce ta girgiza kwanon rufi har ƙura ta zubo a kan atamfar mutane. Daga nan kuma babu tsayawa. Na leƙa ta taga na ga jajayen wuta suna bin juna zuwa sama kamar tartsatsin mai walda. Mu da muka saba da tashin jirage da saukarsu har ba ma jin su, ranar ban gane unguwarmu ba.

Ga yadda gidan yake: ɗakina yana wannan ɓangare, ɗakin Hajiya uwar mijina yana can ƙetaren tsakar gida. Taku goma sha biyu ne tsakani, daga baya na ƙirga, kuma har yau ina ƙirgawa duk lokacin da na kai mata abinci. Yarona na tsakiya, shekararsa bakwai, tun da aka yaye shi wurin Hajiya yake kwana. Na ja babbar da jaririyar na tura su ƙarƙashin gado, na buɗe ƙofa zan je in ɗauko shi. Maƙwabcinmu, wani Bazabarme tsohon soja, ya daka mini tsawa daga ɗakinsa: “Madam, koma ciki ki kwanta ƙasa!” Na koma.

Kowa na gaya wa labarin, a nan nake tsayawa, sai a ce ai na yi daidai tunda tsohon soja ne ya hana ni. Amma gaskiyar ita ce ba maganarsa ce ta tsayar da ni ba. Ƙafafuna ne suka ƙi. Ina riƙe da marfin ƙofa, ina jin yaron yana kiran “Mama, Mama” tsakanin harbi da harbi, na kasa ɗaga ƙafa ɗaya. Sai wajen ƙarfe biyu, da abin ya lafa, na iya tsallakawa. Na tarar Hajiya ta kwanta a kansa, ta rufe shi da jikinta da bargo, bakinta ya bushe da La haula.

Da gari ya waye muka ji bayani kamar kowa: sansanin sojin sama na 101 da ke manne da filin jirgin Diori Hamani aka kai wa hari, hukuma ta ce an kashe maharan 20, an kama 11, sojoji huɗu sun ji rauni, daga baya ƙungiyar IS ta ce ita ce. Ba wanda ko ƙwarzane ya samu a gidanmu. Alhamdulillahi. Ranar ma sai da na kai ankon nan, aka yi bikinsu.

To, yaron ne. Ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana shekara uku. Ƙofar ƙarfe ta bugu sai ya toshe kunne ya durƙusa. Da Sallah yaran unguwa suna wasa da bindigar roba, shi yana ɗaka bai ko sa sabon kayansa ba. Yanzu ga zafi ya shigo, kowa ya fito da tabarma tsakar gida, shi ya rantse ba zai kwana waje ba, gara ya dahu a ɗaki. Kuma kusan kullum, ba gaira ba dalili, ina tuƙa tuwo ko ina yi masa wanka, sai ya dube ni ya ce: “Mama, me ya sa da na kira ki ba ki zo ba?”

Na ce masa soja ne ya hana ni. Na ce masa ban ji ba. Ya san ƙarya nake yi. An yi masa tofi, ya sha rubutu. Babansa ya ce in ƙyale shi, yaro ne zai manta, har ya yi masa faɗa kan fitsarin.

Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, me zan ce masa? Kuma wannan abin yana wucewa kuwa?

Ɗan Adar

Wa alaikumus salam. Ƴar'uwa, Allah shi ba yaro lahiya, amma ki yi haƙuri in hwaɗa miki gaskiya. Ku mutanen Yamai dare guda kunka ji ƙarar bindiga, kuma ba ku anka nufa ba, bariki anka nufa. Ranar 21 ga Maris 2021 a yankin Tiliya, nan jihar Tawa, mutum 137 anka kashe yini guda, a Intazayan da Bakorat da Wistan. Bisa babura sunka zo da rana tsaka. Anka yi zaman makoki na kwana ukku, shi ke nan. Ɗiyan da sunka ga wanga da idonsu suna nan, wa ya tambaye su ko suna barci? Ki gode ma Allah naki ukkun suna gabanki.

Alhaji na Wadata

Haba Ɗan Adar. Wanda ya ƙone a yatsa ba a ce masa ya yi shiru don wani ya ƙone a hannu. Abin da ya sami mutanen Tiliya ya sami mu duka, Allah ya jiƙan su, amma baiwar Allah nan tambaya ta yi.

Ɗiyata, ni tsoho ne, jikana ke rubuta mini wannan ina faɗa. Shekara talatin ina zuwa Kano sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari in kawo kasuwar Wadata. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 ina Kano, tare da ɗan ƙanena da ke riƙe mini jaka, lokacin shekararsa goma sha huɗu. Muka ce mu yi Juma'a a babban masallaci na ƙofar gidan Sarki. Lissafi ya tsayar da mu a kasuwa, ba mu sami ciki ba, muka shimfiɗa darduma a waje cikin rana. Wannan makarar ce Allah ya sa ta zama sanadin kwananmu na gaba.

An tayar da salla ke nan bam ya tashi, wani ya biyo, sai kuma harbi a kan masu gudu. Mutum fiye da ɗari suka rasu ranar. Ba zan ba ki labarin abin da idona ya gani ba, ba shi da amfani gare ki. Abin da zan gaya miki shi ne, yaron nan yana dama da ni, kafaɗarsa a jikin tawa, kuma na gudu ban ko waiwaye shi ba. Ni da na yi wa ubansa alkawari a tasha. Sai da na tsinci kaina cikin wani lungu, ba takalmi, ba hula, babbar rigata ta yage har ƙasa, sannan na tuna ai mu biyu muka zo.

Na yi ta yawo har magariba. Na je asibitin Murtala ina buɗa fuskokin mutane. Can da dare na koma masaukinmu a Fagge na same shi zaune a ƙofa, hannunsa ya karye, an tattake shi a cikin turmutsitsi, wani mai ɗinkin hula da bai san shi ba ya kai shi wurin ɗori ya rako shi.

Washegari Sarki Sanusi, da ba ya ƙasar lokacin da abin ya faru, ya dawo ya ja salla a wannan masallacin. Mutane suka yi ta yabawa, kuma abin yabo ne. Ni kuwa sai da na yi wata biyar ban shiga sahun Juma'a ba a nan Yamai, inda ba abin da ya faru. Da na koma, sahun ƙarshe nake tsayawa, takalmina a hammata. Layyar da ta biyo baya, kin san yadda muke tsire raguna a jikin itace a jera su kewaye da wuta a bakin titi, ƙaurin nan ya tashi gari duka, na shiga ɗaki na kulle, na yi ta amai. Iyalina suka ɗauka shawara ce. Ban gaya wa kowa ba, don a ganina dattijo mai furfura ba ya cewa yana jin tsoro.

Ni da yaron kuma muka shiga wasan ɓuya. Ya gaishe ni, in amsa, ba mai duban idon wani. Na ƙara masa kuɗi, na saya masa babur, duk don kada mu yi maganar. Sai bayan shekara guda, muna rufe shago, na ce masa: “Ranar nan na gudu na bar ka. Ba wani dalili, tsoro na ji. Ka yafe mini.” Ya yi shiru, sannan ya ce: “Baba, ai ni ma gudu na yi, ban neme ka ba. Shekara guda ke nan ina jin kunyarka.”

Ki gaya masa gaskiya, ɗiyata. Yaro yana iya ɗaukar “na ji tsoro”. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne ya riƙa tunanin kin ji shi kin ƙyale don bai kai sauran biyun ba a wurinki, kuma ina kyautata zaton abin da ke cin sa ke nan. Yau wannan yaron nawa shi ke zuwa Kano a madadina, ƴaƴansa biyu. Ni dai har gobe ba na son a tsaya a bayana da jaka a masallaci.

Infirmiya, Harobanda

Maman yara, sannu. Baba Alhaji ya gama magana, ni ɓangaren aikina zan ƙara.

Abin da ya kama ƙafafunki ba rashin son ɗa ba ne, ba kuma raunin imani ba. Idan tsoro ya kai maƙura, jiki ne ke yanke hukunci kafin hankali ya farga: wani ya yi faɗa, wani ya gudu kamar Baba Alhaji, wani ya sandare kamar ke. Ba zaɓa ake yi ba. Har sojojin da aka horar yana samunsu. Kuma ko ba ki so ki ji, sandarewar nan ta yi miki rana. Harsashin da aka harba sama ƙasa yake dawowa, kwanon rufi ba ya tare shi, balle sararin tsakar gida. Da kin tsallaka kin ɗauko shi, sau biyu za ki ratsa fili, na biyun da yaro a hannu. Inda yake, a ƙasa, bayan bango, ƙarƙashin kakarsa, nan ne wurin da ya fi dacewa da shi. Duk mai karanta wannan ya riƙe: ana harbi, a kwanta ƙasa, nesa da taga da ƙofa, a kashe fitila, ba a fita kallo ba a fita ɗaukar bidiyo. Lambar ƴan sanda 17, ta ƴan kwana-kwana 18.

Fitsarin kwance bayan firgita abu ne sananne ga yara, sukan koma baya su yi abin da suka daɗe da bari. Faɗa da duka ƙara shi suke yi. Ki lallaɓa babansa, ko ki sa Hajiya ta yi masa magana tunda ita ba zai musa mata ba. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zane, ya yi fitsari kafin ya kwanta, da safe a wanke ba tare da an tara masa jama'a ba, kada yayarsa ta yi masa dariya. In yana kukan zafi wurin fitsari ko yana shan ruwa fiye da kima, wannan wani abu ne daban, a auna shi.

Kwanan waje kuma kada a tilasta masa. A bi shi sannu: yau ya zauna bakin ƙofa ana hira, gobe a ci tuwon dare a tsakar gida, wata rana ya yi barci a cinyarki a waje ki mayar da shi ɗaki. In ya ɗauko gwangwanaye yana wasan harbi, ko yana zana jirage da wuta, ki bar shi, da haka yara ke fitar da abin da bakinsu bai iya faɗa ba.

Amma ga inda nake so ki saurare ni da kyau. Makonnin farko kusan kowa yakan firgita, yawanci kuma yana lafawa da kansa. Idan aka wuce wata guda abin bai ragu ba, yana hana barci ko karatu ko wasa, to lokacin ganin ma'aikacin lafiya ya yi, kuma ku kun kai wata biyu. Ki fara da CSI, wato ƙaramin asibiti na unguwarku, ki ce kina so a tura ku wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Na san da an ce Pabiyon E, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, mutane sai su ja da baya, har zagi ake yi da sunan. Ba sai mutum ya yi hauka yake ganin waɗannan likitoci ba, kuma yawancin aikin da ake yi wa yaro irin naki magana ce da wasa, ba allura ba. Ki ci gaba da addu'a da tofinki, ba sa karo da juna.

Abu ɗaya da nake roƙonki: kada ki saya masa maganin barci wurin masu yawo da magani a tire. Na ga uwayen da suka ba yara diyazefam don a samu a runtsa. Kada ki fara, ke ma kada ki sha.

Kuma ban ji kin faɗi yadda ke kike barci ba. Mai ƙirga taku goma sha biyu kullum, ita ma a duba ta.

Ɗalibi, Jami'ar Abdu Mumuni

Anti, ki duba wayar gidan. Mu a nan ƙetaren kogi ba mu ji abin da kuka ji ba, amma bidiyon daren nan na kalla a WhatsApp har na fara mafarkinsa. In yayarsa ko yaran maƙwabta suna kunna shi, shi a wurinsa kamar an sake yi ne. Ki goge. Kuma a yi hattara da tura duk saƙon murya da aka ce “ga su nan sun shigo ta kaza”. Ban da tayar da hankalin mutane, dokar laifukan intanet ta 2019 da aka ƙara wa tsanani a Yunin 2024 tana kai mutum kaso a kan irin wannan.

Ɗan Adar

Alhaji, na karɓi gyara. Ƴar'uwa ki yahe mani, zahin rai ne. Ɗan ƙanwata na wurina nan Tawa tun shekarar da anka yi abin. Shina da shekara tara sa'ad da ya zo. Wata shidda in ya ji babur sai ya shige ƙarƙashin amalanke, ni kuwa ina bugunai ina ce mai namiji ba ya haka. Da na karanta abin da malama infirmiya ta rubuta, jikina ya yi sanyi. Yanzu ya girma, shi ka gyaran babura ma a bakin tasha, amma ba ya son hira da ni. Kada maigidanki shi yi irin tawa.

Maman Uku, Aeropor

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Yaya Ɗan Adar, ba komai wallahi, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya daidaita tsakaninka da ɗanka. Baba Alhaji, sau uku na karanta naka, na ukun da ƙarfi na karanta wa Hajiya, ta yi ta share hawaye da bakin mayafi. Ashe ita ma tun ranar ba ta barci sai bayan asuba, ba ta faɗa ba.

Shekaranjiya ina yanke masa farce ya sake tambaya. Na ajiye rezar na ce: “Na ji ka, duk kiran da ka yi na ji. Na buɗe ƙofa zan zo, tsoro ya kama ni, ƙafafuna suka ƙi tafiya. Ba don na fi son su Yaya ba ne.” Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce: “Manya ma suna jin tsoro?” Na ce ƙwarai. Ya ce: “Har Baba?” Na ce ya tambaye shi in ya dawo daga Ƙonni.

Ban ce ya warke ba, jiya ma ya jiƙa shimfiɗa. Malama infirmiya, Litinin za mu je CSI in sha Allahu, mu uku har da Hajiya, kuma gaskiyarki, ni ma ba na barci. Babansa Hajiya ta kira shi a waya, ban san me ta ce masa ba, na dai ji yana ta “to Inna, to Inna”.

Da magariba yau yaron ya ja ni tsakar gida wai mu ƙirga takun nan tare, don ya ji ina faɗa wa Hajiya. Daga ƙofata zuwa tata, da ƙafarsa, goma sha tara ya samu. Ya ce ban iya ƙirga ba. Yanzu haka yana kwance a bakin ƙofar Hajiya, kansa a ciki ƙafafunsa a waje, ya ce iska yake sha, ba kwana zai yi ba.